Lambun Cikin Baho: Abin da Matan Garin Turawa Za Su Ɗauka da Abin da Za Su Bari

Daga watan Maris har damina ta zauna, miyar gidaje da yawa a garin Turawa ba ta wuce kuka da busasshiyar kuɓewa. Wannan kuwa a garin da ke bakin ruwan Challawa, madatsar da aka kammala a 1992, wadda mutanenmu ke kamun kifi a cikinta, suke kuma jan ruwanta da inji zuwa lambuna. Baƙo zai ɗauka ɗanyen ganye ba ya yanke mana. Sai dai wanda ya sayi fetur da tsada ya ba lambu ruwa ba don tukunyar gidansa ya yi ba. Tumatir da albasa da tattasai yake nomawa, a cika kwanduna da buhuna, a ɗora a mota sai kasuwa, wasu har 'Yankaba a birnin Kano. Ban ga laifinsa ba, da kuɗin za a sayi hatsi, a biya bashi, a yi wa yara ɗinkin salla. Amma abin da ya rage wa uwargida shi ne ganyen da ta shanya tun kaka, sai ɗan abin da za a aiko mata daga kasuwa in aljihun maigida ya yarda.

Ni malamar firamare ce, matar aure, mai 'ya'ya. Ra'ayina shi ne kowace mace a ƙasar Ƙaraye da Rogo tana iya samun ɗanyen ganye na kanta a kowane wata na shekara, ba tare da ta taka ƙofar gida ba, kuma ya kamata a ɗauki wannan da muhimmanci a taimaka mata. Amma sai mun tsaya mun tantance, domin abin da ake nuna mana a waya da abin da zai yi aiki a tsakar gidanmu ba ɗaya ba ne.

Duk mai duba Facebook ko TikTok ya ci karo da su: kantoci hawa-hawa a cikin ɗaki mai tsabta, an jera farantan roba, kowanne cike da ƙananan tsirrai kore shar, sama da su fitilu na ci dare da rana. Ana watsa iri da kauri, ya tsiro, ya buɗe kunnuwansa biyu na farko, sai a sa almakashi a yanke tsakanin mako ɗaya zuwa uku, a ci ɗanye. Masu dafa abinci a manyan gidajen cin abinci na Kalifoniya ne suka fara yayinsa a shekarun 1980, suna ƙawata faranti da shi. Abin ya ƙara samun suna a 2012, lokacin da masu bincike na Jami'ar Maryland da Ma'aikatar Noma ta Amurka suka auna iri 25 na waɗannan tsirrai, suka tarar yawancinsu sun fi manyan ganyensu tarin bitamin idan aka auna nauyi da nauyi. Jan kabeji ne ya yi fice a bitamin C. Wanda ya yi fice a bitamin K kuwa wani jan alayyahu ne, ɗan'uwan wanda muke yi wa miyar taushe.

Binciken gaskiya ne, amma a lura da maganar nauyi. Cikin tafin hannu na irin wannan tsiro ba shi da wani nauyi, iska ma tana iya kwashe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Babu farantin da zai ba gida mai mutum goma wannan. Duk wanda ya ce miki ɗan tsiron nan zai maye gurbin zogale da rama da kuka, to kasuwarsa yake ci. Ƙari ne a kan abin da ake da shi, kuma ƙarin yana da daraja ne saboda lokacin da yake zuwa, lokacin da babu wani kore a gidan.

Abin da ya sa ban ɗauki wannan a matsayin baƙon abu ba shi ne lansir. Duk Bahaushiyar da ta taɓa yanka lansir ƙanana-ƙanana, ta daka ƙuli-ƙuli da barkono, ta yanka albasa da tumatir, ta zuba ɗan man gyaɗa da gishiri ta kwaɗa, ta riga ta san ɗanɗanon abin da ake yayi. Lansir ganye ne da ake watsa irinsa da kauri, a yanke shi yana ƙarami, a ci ɗanye. A Ingila shi ne abin da ake fara koya wa yara shukawa, a kan jiƙaƙƙiyar auduga a bakin taga, su yanka su sa a burodi da dafaffen ƙwai. Mu a fangali muka san shi, lokacin sanyi, a hannun masu lambu. Abin da kawai ya rage shi ne a ɗauko shi daga bakin ruwa a shigo da shi gida, ya koma hannun mai girki. Da surukata ta ga bahona na farko ya yi kore, ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Cewa ta yi, "'Yar nan, ai mu a gindin randa muke yi. Inda ruwa ke ɗiga, nan muke watsa alayyahu mu kife kwando." Ashe ma ba sabon ilimi ake kawo mana ba, wanda muka saki ne da aka fara shafe tsakar gida da siminti, aka kuma saba da aiken yaro kasuwa.

Ga yadda nake yi, kuma babu abin da na saya sai iri. Tsohon bahon wanki da ya tsage, ko robar fenti da aka wanke sarai, ko kwanon da ya huje. In bai huje ba, a huda gindinsa da ƙusa mai zafi, domin ruwan da ya kwanta shi ne ke ruɓar da tsiro. A zuba ƙasa mai laushi da aka gauraya da yashi, a tankaɗe tsakuwa, kaurinta kamar tsawon yatsa. Ga ganyen da za a yanke cikin kwana goma ba a buƙatar takin zamani ko kaɗan, ƙwayar irin tana ɗauke da guzurin da zai kai ta buɗe kunne. A jiƙa ƙasar tun kafin a watsa iri. Irin lansir ba a jiƙa shi a kwano, domin da ya sha ruwa sai ya yi yauƙi ya cure wuri ɗaya. A busasshensa ake barbaɗawa, a danna da tafin hannu. Irin alayyahu kuwa ƙanana ne ƙwarai, sai an cuɗa shi da busasshen yashi kafin ya watsu daidai. A rufe da faifai ko tsohon buhu kwana biyu zuwa uku, da zarar ya fara leƙowa a buɗe. Ban ruwa safe da yamma, da hannu ake yayyafawa a hankali, ba a kwarara masa buta. Idan ya kai tsawon yatsa, a yanka sama da ƙasa kaɗan, a wanke, a ci nan take, domin ba ya jure ajiya.

Inda na rabu da masu bidiyo na farko shi ne maganar ɗaki. Su sun shige ɗaki ne saboda sanyin ƙasarsu yana kashe shuka watanni, rana kuma ba ta isa, shi ya sa suke sayen fitila su yi mata madadi. Mu rana ce ta yi mana yawa. Ɗakunanmu kuma tagoginsu ƙanana ne, an yi su don kare zafi da ƙura. Tsiron da aka bari a irin wannan ɗaki zai yi ta miƙewa yana neman haske, ya yi fari, ya yi siriri, ya kwanta, fumfuna ta hau shi. Fitilar lantarki kuwa ba maganar da za a yi wa matar ƙauye ba ce, wadda cajin waya ma sai ta aika an biya. Namu cikin gidan shi ne tsakar gida: gefen rumfa, ko gindin katangar da ke samun hantsi ta shiga inuwa kafin azahar. Abokan gaba a nan ba sanyi ba ne, kaji ne da awaki da ƙadangaru, sai kuma ɗan yaye mai son tona ƙasa. A ɗora bahon a kan tsohon turmi ko bulo, a kife masa kwando mai manyan idanu ko ragar waya. Gidan sauro mai magani kam a bar shi a kan gadon yara inda aka yi shi dominsa.

Kowane ganye da lokacinsa. Lansir ɗan hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu yake jin daɗi. Da zafi ya shigo sai ya tsumbure ya yi saurin fure. Bazara ta alayyahu ce, shi zafi ba ya damunsa muddin ƙasa na da laima, haka ma rama da yakuwa. Waken da ke cikin buhun gida, in ba a sa masa maganin ƙwari ba, yana tsirowa cikin kwana uku zuwa huɗu, ganyensa kuma yana daɗi a miya ko a dafa a kwaɗa. Gindin albasa da ake yankewa a zubar, in aka dasa shi, lawashi zai bayar. Wannan na ƙarshe ko iri ba ya ci.

Akwai wuraren da abin yake da haɗari, kuma a nan ne nake so a saurara sosai, domin bidiyo ba ya faɗa. Na farko shi ne iri mai magani. Irin da ake sayarwa a leda ko gwangwani don shuka a gona sau da yawa an shafe shi da maganin ƙwari da na fumfuna, shi ya sa za a gan shi ja ko shuɗi ko kore. A gona, shukar tana da watanni kafin a ci. A baho, kwana goma ne tsakanin irin da bakin yaro, ɓawonsa ma wani lokaci yana maƙale a kan ganyen. Irin da aka rina ba na wannan aiki ba ne, ko kyauta aka ba ki. Na biyu, ba kowane tsiro ake ci ba. Tsiron tumatir da na barkono da na dankalin Turawa ba abinci ba ne. Tohon dawa kuwa kowane makiyayi a Rogo ya san yana kashe dabba, saboda gubar da ke cikinsa yana ƙarami. Abin da ya kayar da saniya ba za a ba yaro ba.

Na uku shi ne tsabta, tunda ɗanye za a ci. A 2011 wata cutar gudawa mai tsanani ta ɓarke a Jamus, ta kama mutane kusan 4,000, ta kashe fiye da 50. Da aka bi sawu, sai aka tarar daga tsiron hulba ne, wanda aka shigo da irinsa daga Masar. Wancan tsiro ne da ake jiƙawa a rufe cikin ɗumi a ci har da saiwa da ƙwaya, kuma ɗumi da laimar da iri ke so su ne ƙwayar cuta ke so. Shi ya sa na fi natsuwa da wanda aka shuka a ƙasa, ya sha iska da rana, aka yanke shi daga sama aka bar saiwar. Duk da haka, ƙasar bola da ɗanyen kashin dabbobi ba sa shiga bahon da za a ci ganyensa ɗanye, ruwan wanki da na kwata ma haka. Ruwan da za ki iya sha, shi za ki yayyafa, shi za ki wanke ganyen da shi. Mu da muka san amai da gudawa da taifot ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mai ciki da ƙaramin yaro da tsoho mara ƙarfi, a jefa musu nasu a miya dab da saukewa, ya ɗan ji wuta.

Maigidana ya taɓa yi mini tambayar da har yanzu nake ganin ita ce mafi nauyi a wannan magana. Ya ce, "Malama, irin da kika watsa a bahon nan in na kai shi lambu fangali nawa zai cika?" Gaskiyarsa. Tsarin Amurkawa yana cin iri ƙwarai: a watsa da yawa, a yanke sau ɗaya, a zubar da ƙasar a sake sabo. Su iri yana da araha a wurinsu idan aka kwatanta da kuɗin da suke sayar da ganyen. A wurinmu iri dukiya ce. Saboda haka a nan ma na rabu da su. Lansir kaɗai nake yi wa yankan ƙuruciya. Alayyahu kuwa cirewa nake yi sannu a hankali: a mako na biyu in zare na tsakiya inda ya cushe, mu ci, sauran su sami wuri su yi faɗi, a mako na uku da na huɗu in riƙa yanke kan waɗanda suka kai tsawon tafin hannu, su kuma su sake toho daga gefe. Ga wannan kam ana son baho mai zurfi da ruɓaɓɓen takin da ya shekara, kuma ganyensa na tukunya ne. A ƙarshe in bar biyu ko uku mafi ƙarfi su yi kai su bushe. Kan alayyahu ɗaya yana ba da dubban ƙwayoyi. Macen da ta yi haka sau ɗaya ta daina sayen irin alayyahu ke nan, har ta sam wa maƙwabciya.

Ana kuma ruɗar matasa da cewa sana'a ce ta samun kuɗi da sauri, wai otal-otal na saye da tsada. Mai yiwuwa ga wanda ke zaune a Abuja ko Legas, yana da firiji da mota da wanda ya riga ya yi masa alkawarin saye. Daga bakin Challawa zuwa birnin Kano tafiyar kusan kilomita 90 ce, ganyen nan kuma a zafin Afrilu sa'o'i kaɗan yake yi ya yanƙwane. Kada wani ya sayar da akuyar uwarsa ya sayi kanta da fitila. In akwai ciniki a ciki, to na unguwa ne: kwaɗon lansir ko na rama da maƙwabta za su aiko a saya a cikin gida. Ina jaddada cikin gida, domin a matsayina na malama na gaji da ganin kujerun 'yan mata babu kowa ranar kasuwa, kuma ba zan so shawarata ta zama sabon farantin talla a kan wata yarinya ba.

To me ya sa na damu haka da abin da na ce da bakina ba ya cika ciki? Saboda abin da nake gani a aji da wurin awo. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa kashi 68. A Arewa maso Yamma, kashi 57 na yaran ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba. Dalilan suna da yawa: zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, haihuwa kusa da kusa, talauci. Baho ba zai magance waɗannan ba. Amma rashin ganye yana cikin dalilan, kuma shi ne wanda mace ke iya taɓawa da hannunta yau, ba sai ta jira kowa ba. Kuka abinci ce mai albarka, ba na raina ta. Sai dai shanya a rana da doguwar dahuwa da kanwa suna cinye bitamin C, wanda shi ne ke taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake da hatsi. Ɗan kwaɗon ɗanyen ganye da aka matsa wa lemon tsami a gefen shinkafa da wake yana yin aikin da miyar kuka ba za ta yi ba.

Akwai kuma wani abu da ba a aunawa a asibiti. Matar da ke cikin kulle, komai na miya sai ta jira an kawo mata. Ranar da ta miƙa hannu ta yanko abin da ita ta shuka ta sa wa 'ya'yanta a kwano, ta san akwai wani ɓangare na cin gidan da ke hannunta. Na ga yadda wannan ke sa mace ta ƙara baho na biyu ba tare da kowa ya ce mata ba.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Hukumar noma ta jihar Kano, KNARDA, da sassan noma na ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo su sa lambun tsakar gida cikin aikin malaman gona, kuma mata za a tura, domin namiji ba ya wuce zaure. Wurin da za a sami matan a tare sananne ne: Islamiyyar matan aure, da ranar awo da rigakafi a asibiti. Darasin rabin sa'a da baho ɗaya a gaba ya isa. Abin da za a raba ba faranti ko fitila ba ne, ƙullin irin lansir da alayyahu da rama ne wanda ba a sa wa magani ba, da bayanin yadda za a bar wasu su yi iri. Masu sayar da iri a kasuwanninmu su ware mai magani da mara magani, su kuma tambayi mai saye inda za a shuka kafin su auna. Magidanta masu lambu a bakin ruwa kuwa nasu ya fi sauƙi: idan lansir ya zo ƙarewa a ƙarshen sanyi, a bar gefen fangali ɗaya ya yi fure ya bushe, a sussuke a kawo gida a zuba a kwalba mai murfi, a ajiye wa uwargida zuwa Nuwamba.